Manɗiƙi, Munazara da Rabon Ruwan Bakolori



Daga cikin fannonin da ake karantarwa a zaurukan malamanmu babu wanda ɗalibai suka fi kauce wa kamar manɗiƙi. Ɗalibi zai sauke Risala, ya shiga Askari, ya yi nisa a nahawu har ya kai Alfiyya, amma da an ɗauko Sullamu sai ka ga ya fara neman uzuri. Alhali kuwa mai Sullamun nan, Shehu Abdurrahman, shi ne dai mai Ahalarin da kowa ya fara koyon tsarki da salla a cikinsa. Ya tsara Sullamu a shekara ta 941 ta Hijira, yana saurayi ɗan shekara 21, kuma a ciki ya kawo saɓanin malamai game da wannan fanni: Ibnus Salahi da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a san shi, shi kuwa ya zaɓi halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Wannan gardama har ƙasarmu ta shafa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar a kan wannan mas'ala. Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa, kuma abin da ya dogara a kai shi ne ana karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito, muddin dalili ya tabbatar da ita. Ni dai a wannan mas'ala ina bayan Magili.

Abin da ɗalibai suka fi tambaya shi ne, ina amfaninsa a kasuwa ko a ofis? Yau ina so in amsa wannan ta hanyar wani ilmi na zamani da ya tsiro a gefen manɗiƙi, sa'an nan mu gwada su duka biyu a kan ruwan Bakolori, wanda mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun suka san daɗinsa da ɗacinsa fiye da kowa.

Larabawan zamani suna kiran ilmin nan Nazariyyatul Al'ab, watau nazarin wasanni. Sunan yana ruɗarwa, domin ba wasan yara ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne duk wani hali da mutum biyu ko fiye za su zaɓi abin yi, kuma abin da kowannensu zai samu ya rataya ga zaɓinsa da zaɓin ɗan'uwansa. Manomin da ke duban sama yana lissafin damina ba ya cikin wannan babi, domin girgije ba ya canza shawara don ya ji abin da manomi ya ƙudura. Amma mai taya saniya a kara yana ciki, domin mai saniyar yana lissafin lissafinsa. Misali mafi kusa shi ne dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare. Gwanin dara ba ya ɗaga ɗa sai ya ce a ransa, in na sa nan zai sa can, in ya sa can sai in jera uku. Wannan kuwa sharɗiyya ce a kan sharɗiyya, irin wadda ake karantawa a Sullamu. (Kada wani ya ce malam ya aike shi gindin bishiya ya yini yana dara. Imamu Malik bai so shaɗaranji ba, kuma wasan da ya hana salla kowa ya san hukuncinsa. Misali kawai muka ara.)

A 1913 wani masanin lissafi Bajamushe, Ernst Zermelo, wanda ainihin aikinsa kafa tushen lissafi ne a kan manɗiƙi, ya tabbatar da cewa a wasa irin na shaɗaranji ɗayan uku ne: ko mai fari yana da hanyar da dole ya ci, ko mai baƙi yana da ita, ko kuwa kowannensu yana iya tilasta kunnen doki. A 1928 John von Neumann, mutumin Hangare, ya faɗaɗa abin, a 1944 kuma shi da Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafin da ya shigar da fannin cikin ilmin tattalin arziki. A 1950 John Nash na Amurka ya kawo ma'anar matsaya, watau halin da babu wanda zai ƙaru in ya canza zaɓinsa shi kaɗai. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1994.

To, ina mahaɗar wannan da manɗiƙi? Wanda ya karanta Adabul Bahsi wal Munazara ya riga ya ga mahaɗar, ko bai san sunanta ba. Wannan fanni ne da Shamsuddini Samarƙandi ya tsara a ƙarshen ƙarni na 13, ya zama ana karanta shi bayan manɗiƙi a makarantun Musulmi. A cikinsa mutum biyu ne suke fuskantar juna. Akwai mu'allil, mai da'awa wanda ya ɗauki nauyin kafa dalili, akwai kuma sa'il, mai tuhumar dalilin. Sa'il ba shi da izinin ya yi ta hayaniya yadda ya ga dama. Ƙofa uku aka buɗe masa. Ko ya ce ban sallama wannan muƙaddima ba, kawo dalilinta, shi ne man'u. Ko ya nuna wani wuri da dalilin ya samu amma hukuncin bai samu ba, shi ne naƙdu. Ko ya kafa nasa dalili a kan kishiyar da'awar, ita ce mu'arada. Kowace ƙofa da irin amsar da aka yarda mu'allil ya bayar. Kuma abin yana da ƙarshe: ko mu'allil ya rasa ta cewa, a ce an yi masa ifhami, ko a kai sa'il ga abin da ba shi da ikon musawa, a ce an yi masa ilzami. Ga ɓangare biyu, ga ƙa'idar motsi, ga ci da faɗuwa. Malaman sun gindaya sharaɗi guda, cewa manufar duka biyun ta zama bayyanar daidai. In babu wannan niyya, sunan abin jidali ko mukabara.

Bayan ƙarni kusan bakwai, a ƙarshen shekarun 1950, wani Bajamushe mai suna Paul Lorenzen ya zo da ra'ayin cewa ma'anar ingancin magana a manɗiƙi ita ce mai kare ta ya zama yana da hanyar cin muhawara ko ta ina mai suka ya ɓullo. Daga baya Jaakko Hintikka, mutumin Finlan, ya shimfiɗa abin a kan gaskiyar jimla ita kanta, daga 1968 zuwa shekarun 1970. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce, kuma ɗalibin Sullamu zai gane ta nan take. In da'awa kulliyya ce, mai ɗauke da "kowane" ko "duk", to, zaɓin misali na mai suka ne. In juz'iyya ce, mai ɗauke da "wani" ko "akwai", zaɓi na mai da'awa ne. In aka haɗa magana biyu da "kuma", mai suka ne zai zaɓi wadda za a gwada. In aka raba su da "ko", mai da'awa ne zai zaɓa. In aka kore magana, sai su yi musanyar wurin zama. Jimla gaskiya ce idan mai da'awa yana da dabarar da za ta fisshe shi kome abokin karawarsa ya zaɓa.

Ku duba wannan da kyau. Wani ya ce, "Kowace gona a wannan magudana tana da ranar da ruwa ke isa gare ta." Wani kuma ya ce, "Akwai ranar da ruwa ke isa kowace gona a wannan magudana." Kalmomin kusan ɗaya ne, amma maganganun sun yi hannun riga. A ta farko mai suka ne ke fara nuna gona, sa'an nan mai da'awa ya nemo mata rana, kuma yana da damar ba kowace gona ranarta dabam. A ta biyu mai da'awa ne zai fara ɗaure kansa da rana guda, sa'an nan mai suka ya zaga ya nemo gonar da ta kwana da ƙishi a ranar. Ta biyu ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma bambancin bai wuce wa ya fara motsi ba. Ma'aikatan gwamnati da ke rubuta rahoto su lura da wannan. Duk wanda ya rubuta cewa an biya kowa diyya, kulliyya mujiba ya rubuta, kuma kishiyarta a manɗiƙi saliba juz'iyya ce: mutum ɗaya tak da ba a biya ba ya isa ya rushe ta. Ba kuma mai rahoton ne zai zaɓi wanda za a tambaya ba.

Wannan ya kawo mu Bakolori. An datse Gulbin Sakkwato a wajen, a ƙasar da a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka yanke Jihar Zamfara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi ginin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka gama madatsar a 1978. Tafkin yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya rufe ƙasa kimanin hekta 8,000, aka kuma shirya ba da ruwa ga kimanin hekta 23,000, mafi yawa ta na'urar yayyafi, saura ta magudanu. A takarda lissafin ya fita sarai: ga ruwa, ga ƙasa, ga shinkafa da alkama sau biyu a shekara. Amma tafkin ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane a yankin Maradun, waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma aka hana su noma na wani lokaci ana baje ƙasa, aka sare itatuwan amfani, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike kuwa sun kawo adadin da ya haura ɗari uku. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

A ganina kuskuren masu tsara aikin kuskure ne na manɗiƙi tun kafin ya zama na siyasa. Sun ɗauki manomi kamar ruwan sama ko irin ƙasa, watau muƙaddima sallamammiya da za a ɗora lissafi a kanta, alhali kuwa shi sa'il ne mai hankali, mai ikon cewa ban sallama ba. Da aka rufe masa ƙofar man'u a zaure, sai ya yi man'unsa a kan hanya. Na'urar yayyafin nan ma da aka kashe mata dukiya mai yawa ba ta daɗe ba. Zuwa farkon shekarun 2000 ta daina aiki, abin da ake nomawa ya koma kashi ɗaya bisa uku na abin da aka shirya, ko kusa da haka.

Amma kada a ɗora laifi duka a kan hukuma. Akwai wata mas'ala da ke tsakanin manoma su ya su, kuma ita ce ta fi nuna inda manɗiƙin mutum ɗaya ke tuntuɓe. Magudanar ruwa tana cika da laka da ciyawa, dole a yashe ta kafin noman rani. Mu ƙaddara manomi biyu a kan magudana ɗaya, kowanne yana samun buhu 20 na shinkafa in ba a yashe ba. Mu ƙaddara kuma aikin mutum ɗaya yana cin masa abin da ya kai buhu 6 na ƙwadago, yana kuma ƙara wa kowace gona daga cikin biyun buhu 4. In duka suka fito, kowa ya tashi da 22. In ɗaya ya fito ɗaya ya noƙe, mai aikin ya tashi da 18, mai noƙewa da 24. In babu wanda ya fito, kowa na nan a 20. Yanzu ku saurari ƙiyasin da kowannensu zai yi a ɗakinsa. Maƙwabcina ko ya fito ko bai fito ba, babu na uku. In ya fito, zamana ya fi, domin 24 ta fi 22. In bai fito ba, zamana ya fi, domin 20 ta fi 18. Saboda haka zamana ya fi a kowane hali. Wannan ƙiyasi ba shi da aibi ko kaɗan ta fuskar sura. Munfasila ce ta haƙiƙa, an bi kowane reshe an ga inda ya kai. Amma da yake maƙwabcin ma mai hankali ne, shi ma haka zai yi, sai su tashi da ashirin-ashirin alhali ga 22 a gabansu. Masana biyu a Amurka, Merrill Flood da Melvin Dresher, su suka fara tsara wannan mas'ala a 1950, daga baya ta shahara da sunan tsaka-mai-wuyar fursuna biyu. Haka abin yake ga na bakin magudana da ya buɗe ƙofar ruwa da dare ya sha fiye da rabonsa, na wutsiya kuma ya rama ta hanyar fasa gefen magudanar.

Malaman manɗiƙi sun ce kuskure yana shiga ƙiyasi ta ƙofa biyu, ko ta sura ko ta madda, watau ko ta yadda aka jera muƙaddimomi ko ta abin da ke cikinsu. A nan sura lafiya lau take. Don haka wa'azin da zai ce wa manomi lissafinka ba daidai ba ne ba zai yi tasiri ba, domin ya san daidai ne. Abin da ake bukata shi ne a canza maddar, a sa 24 ɗin nan ta daina zama 24. Kuma wannan shi ne aikin da fiƙihu ya yi tun da daɗewa.

Buhari da Muslimu sun ruwaito jayayyar Zubairu ɗan Awwamu da wani mutumin Madina a kan magudanun Harra da suke shayar da dabino da su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara da sulhu, ya umurci Zubairu, wanda gonarsa ke sama, ya shayar sa'an nan ya saki ruwan. Da mutumin ya ƙi yarda, sai aka yanke hukunci da iyaka sananniya, cewa ya riƙe ruwan har ya kai kunyar gona. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo hukuncin rafukan Mahzuru da Muzainibu, cewa na sama ya riƙe ruwa zuwa idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Ku lura da hikimar ma'aunin. Idon sawu abu ne da kowa ke yawo da shi. Ba a bukatar injiniya, na ƙasa yana iya takowa ya tsaya cikin gonar na sama ya gani da idonsa. Dokar da wanda aka cuta ba zai iya gane an karya ta ba, ba ta canza lissafin kowa.

Shehu Halilu a Muhtasar ya ƙara fayyacewa, a babin raya mataccen wuri. Ya ce a tilasta wa na sama ya daidaita gonarsa, in kuwa ba ta daidaituwa a ɗauke ta kamar gona biyu, kowace da nata idon sawu. Dalili a fili yake: in gona tana da tudu da kwari, mai ita zai ce ruwa bai kai idon sawu a tudu ba alhali a kwari ya kai gwiwa. An toshe wannan ƙofar wayo tun kafin a shige ta. In kuma ruwan mallakar jama'a ne da suka jawo shi, to, babu fifikon na sama. Sai a raba da ƙildi, watau tukunya mai huda a gindi da ake cika ta da ruwa, kowa ya sha gwargwadon lokacin da rabonsa na tukunya ke tsiyayewa. In aka yi jayayya a kan wa zai fara, sai a jefa ƙuri'a. Tukunya ba ta da ɗan'uwa, ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba. Ruwan magudanun Bakolori, da yake jawo shi aka yi da dukiyar jama'a, ya fi kama da wannan kashi na biyu, don haka na bakin magudana ba shi da hujjar cewa shi ne na sama.

Akwai kuma wani sharaɗi da Halilu ya sa wanda ya kamata a yi tunani a kansa. Fifikon na sama yana tabbata ne in shi ya riga raya wurinsa. Masu sharhi suka ce in na ƙasa ne ya riga, shi ake gabatarwa. To, mutanen fadamun da ke ƙasa da Bakolori, har zuwa wajen Sakkwato, sun gaji noman shinkafa da su a kan ambaliyar gulbin nan tun kaka da kakanni. Wani Bature mai suna William Adams ya binciki halinsu, ya wallafa a 1985 cewa bayan datse gulbin ambaliya ta ragu, shinkafa ta ja baya, mutane suka koma gero da dawa, kifi ma ya ragu. Da an shimfiɗa wannan mas'ala gaban alƙalin da ke hukunci da Muhtasar, ina ganin da ya tambayi wa ya riga, kafin ya tambayi wa ke sama.

Abu na biyu da ke canza madda shi ne maimaituwar hulɗa, kuma a nan 'yan kasuwa sun fi ni sani. Me ya sa ake ba mutum kaya bashi a kasuwar Talata ba tare da takarda ba? Domin akwai wata Talatar. A 1980 Robert Axelrod ya shirya gasa tsakanin dabaru iri-iri a kwamfuta, suna maimaita mas'alar nan ta mutum biyu sau da yawa. Dabarar da ta ci ita ce mafi sauƙi, wadda Anatol Rapoport ya aiko: ka fara da alheri, bayan nan ka mayar wa mutum abin da ya yi maka a karon baya, in ya dawo hanya kai ma ka dawo. Tun kafin wannan, a 1969, Abner Cohen ya bayyana yadda Hausawan Sabo a Ibadan ke sayar wa mahautan Yarabawa shanu bashi ta hannun masu gida, kuma abin da ke riƙe da cinikin duka shi ne mahaucin da ya ci amana ba zai sake samun saniya a kara ba.

Amma manɗiƙi yana da wani gargaɗi a nan. In aka san hulɗar za ta ƙare a karo na goma, to, a na goma babu abin tsoro, kowa zai noƙe. In kuwa an san za a noƙe a na goma, riƙon amana a na tara ba ya sayen kome. Haka za a yi ta warwarewa da baya da baya har karo na farko. Wannan ya sa wanda ya karɓi hayar gona ta rani ɗaya ba ya damuwa da magudana kamar mai gonar gado, ma'aikacin da ya san za a canza masa wurin aiki baɗi ba ya damuwa da sunansa kamar wanda zai tsufa a garin. Rashin tsaron da ya addabi Zamfara a shekarun nan ma ta nan yake yin wata ɓarna da ba a cika lissafawa ba, domin wanda bai tabbata zai girbe abin da ya shuka ba, kowane rani a wurinsa shi ne na ƙarshe. Sai dai duk wannan warwara ta tsaya ne a kan muƙaddima guda, cewa akwai karo na ƙarshe wanda babu hisabi a bayansa. Mumini kuwa a nan yake yin man'unsa, ya ce ban sallama ba. Duk da haka shari'a ba ta bar ruwan mutane a hannun tsoron Allah kaɗai ba, ta haɗa da tukunya da ƙuri'a, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zo a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu, alhali da muminai take magana.

Saura abu ɗaya, shi ne shela. In jami'i ya bi manoma ɗaya-ɗaya ya gaya wa kowa a kunne cewa ranar Alhamis za a yi gayyar yasa, wanda bai zo ba zai rasa zagayensa na ruwa, to, kowa ya sani, amma babu wanda ya san ko saura sun sani. Sai kowa ya ce kada in je in tarar ni kaɗai. In kuwa sanƙira ya faɗa a tsakiyar kasuwa, ko liman ya sanar bayan Juma'a, kowa ya sani, ya san kowa ya sani, ya kuma san kowa ya san ya sani. Labarin bai ƙaru da harafi ko ɗaya ba, amma hukuncin da hankali zai yanke ya canza. David Lewis a 1969 da Robert Aumann a 1976 su suka tsara wannan a manɗiƙi da lissafi, kuma a yau reshe ne mai zaman kansa da ake kira manɗiƙin sani. A birnin Balansiya na ƙasar Andalus har yanzu kotun ruwa tana zama kowace Alhamis da tsakar rana, a fili, a ƙofar babbar majami'ar da aka gina a gurbin masallacin garin. Alƙalanta takwas manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, ɗaya daga kowace magudana, shari'ar da baki ake yi a gaban jama'a. Mutanen garin suna danganta asalinta ga zamanin Musulmi, kuma sunan magudana a harshensu daga saƙiya ta Larabci aka samo shi. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta yi nazarin wannan tsari da ire-irensa a littafinta na 1990, ta ga cewa waɗanda suka daɗe su ne waɗanda masu shan ruwan ke da hannu a kafa dokar, masu tsaro daga cikinsu suke, horo kuma yana farawa da kaɗan sa'an nan ya ƙaru.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rance ga shirin gyaran noman rani na Nijeriya da ake kira TRIMING, Bakolori na cikin wuraren da ya shafa, kuma ɗaya daga ginshiƙansa shi ne miƙa kula da ƙananan magudanu ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Siminti da ƙarfe aikin injiniya ne, ba ni da ta cewa a kansu. Amma ga shugabannin ƙungiyoyin nan a Mafara da Bakura da Maradun, da ma'aikatan da ke kula da su, ina ba da shawara a rubuta zagayen ruwa da sa'o'i, agogo ya tsaya a matsayin tukunyar ƙildi, a karanta shi a bainar jama'a, a jefa ƙuri'a a kan wa zai fara a kowane rani, a kuma sa wa mai haya sharaɗin yasa a cikin yarjejeniyar hayarsa. Sa'ad da babban jami'i ya zo daga Gusau ko Sakkwato duba aiki, aka ce masa ruwa yana isa kowace gona, to, kulliyya aka yi masa da'awa. Kada ya yarda mai da'awar ya zaɓa masa gonar da zai gani. Ya nemi manomin da ke can wutsiyar magudana, ya ce masa ya shige gaba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin kuɗin ruwa da ake karɓa daga manoman rani.